Kwanon Bashin Gidanmu a Bawku

Bana ma ruwa ya yi mana rowa a Yendi. Hadari zai haɗu ta gabas, ya yi baƙi har mutum ya kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi, a wayi gari da zafin da ya fi na jiya. Masara a kasuwa kuwa, farashin safe daban, na yamma daban. Ana cikin haka ne 'yata Fati ta zo daga Tamale fuska a murtuke. Wai banki ya ba mijinta wani kati da ake sayayya da shi ko babu ko sisi a aljihu, a biya daga baya, yanzu bashin ya ninka abin da suka san sun ci. Ita tana zargin yana da wata a waje, shi yana zargin tana turo mini kaya a ɓoye. Da ta kawo nan sai dariya ta kuɓuce mini, ta ji haushi. Ba ita nake yi wa dariya ba. Irin wannan zargin aka taɓa yi mini a Bawku tana goye a bayana, sai dai namu katin kwano ne mai murfi.

Shekarar tamanin da uku nake nufi, wadda duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan bai manta da ita ba. Ni 'yar Salaga ce, daga tsohon gidan fataken goro, aure ya kai ni zangon Bawku wurin Isiyaku mai albasa. A gidan akwai surukata, wadda kowa ke kira Mma, mace mai kaifin ido da ƙarancin magana. Akwai kuma Bukari, ƙanen mijina, da aka koro daga Legas a farkon shekarar tare da sauran mutanenmu. Abin da ya dawo da shi rediyo mai kaset ne da takalmi mai tsini, sai labarin gadoji da ba ya ƙarewa. Ni ce baƙuwa a cikinsu. Har Hausata ba irin tasu ba ce, don su a Bawku ba ruwansu da raba mace da namiji a magana, in na gyara wa wani sai a ce 'yar Salaga ta fara iyayi.

Daminar da ta gabata ba ta yi albarka ba, ga wuta ta cinye gonakin kudu, doya da garin rogon da ake kawo mana suka yanke. Zafin bazarar nan har yau ina jinsa a tafin ƙafata, don ta cikin silifas yake ƙona mutum. Rijiyar unguwa ta koma laka. Da asuba mu mata mu ɗauki bokitai mu gangara kwari, mu tona yashi da ƙoƙo, mu zauna jiran ruwa ya tsattsafo. Albasar Isiyaku kuwa a tasha ta ruɓe, domin lorin da za ta kai ta Kumasi ba ta da taya, wata mai taya ba ta da mai. Ya dawo gida warin ruɓaɓɓiyar albasa na bin rigarsa, jarinsa duk ya narke a cikin buhuna.

Da ruwan farko ya sauka, duk gidan muka fita gonar aro da ke hanyar Zebilla. Maza na gaba suna sara da sungumi, mu muna biye muna jefa irin nara, geron nan mai saurin nuna, muna rufewa da diddige. Ya tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke, muna kallo ya ƙone. Muka sake shuka da ɗan irin da Mma ta ɓoye a tulu. Kafin nan girki ya koma sau ɗaya a yini. Da rana mu dama garin ɗorawa da ruwa mu sha, ko mu tsinci 'ya'yan kaɗanya. Miyar kuka ce kullum, tsululu, ba daddawar kirki. Ƙashin wuya ya fito wa kowa, har Bukari mai yawan surutu ya koyi yin shiru don kada ƙarfinsa ya ƙare a banza.

Kuɗi ma ba su da amfani sosai ko da mutum yana da su. Gwamnati ta yanka farashi, ana ce masa kontirol, wanda aka kama ya ɓoye hatsi ko ya sayar sama da haka a kwashe kayansa, ana ma cewa har da bulala a gaban jama'a. Sai kasuwa ta yi wayam, hatsi ya koma cikin ɗakuna. A unguwarmu Alhaji Mumuni ne ke shigo da dawa a kan jakuna ta dajin Kulungugu, kuma tsoro ya sa ya fito da wata dabara. Ba ya sayarwa ido da ido. A bayan gidansa akwai wata ƙofar kwano da aka yanke ƙasanta, nan za ka durƙusa ka tura mazubinka, a cika a turo maka, ba wanda ya ga wani, balle in an kama ka ka ce wane ne ya ba ka. Yayarsa ce ke zaune a ciki, tsohuwa mai nauyin kunne wadda ko ganga aka buga mata sai ta ce wa ke sallama.

Masu kuɗi a hannu sukan saka su a cikin mazubin. Gidajen da Alhaji ya yarda da su kuma yakan ba su bashi, kuma da kwano ake gane su. Kowane maigida ya kai kwano guda ya nuna, tsohuwar ta shafa shi ta riƙe kamanninsa. Duk ranar da kwanon ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ta cika shi, ta jefa tsakuwa ɗaya a tukunyar wannan gida. Namu fari ne mai jan baki, da zanen kifi a murfi, da ɗan tabo a gindi inda fenti ya ɓare. Da sunan Isiyaku yake tafiya, a kan za a biya in nara ta nuna ko albasa ta dawo. Ni ce mai kai shi, na rufe da mayafi kamar mai zuwa barka.

Azumi ya faɗo a tsakiyar wannan hali. Wasu na raha wai ai mun daɗe da farawa, niyya ce kawai ta rage. Amma ko a yunwa akwai abin da Mma ba ta bari: da an kira magariba sai an kai wa Kaka Lariba buɗa-baki. Tsohuwa ce da ke bayan katangarmu, mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi aikin gonar koko a kudu shiru ba labari, ya bar mata jikoki. Mma ta riga ta sayar da kwanukanta na ado ɗaya bayan ɗaya, wanda ya rage mai murfi da za a iya kai wa babba abinci a ciki ba a ji kunya ba shi ne mai kifin nan. A ciki ake zuba mata tuwo, ya kwana can, da hantsi ta dawo da shi da kanta. Kuma kamar yadda aka saba, ba a mayar da kwano haka nan. Kullum da ɗan abu a ciki, wataran tafin gari, wataran 'yar dawa. Mukan yi mamakin inda take samu, Mma ta ce tsofaffi ba sa rasa ɓoyo.

Azumi ya raba tsakiya sai Alhaji ya aiko a kira Isiyaku. Ya juye masa tukunyarmu a kan tabarma. Mijina ya dawo ya zauna a bakin ƙofa bai cire hula ba, ya ce tsakuwar da ya gani ta kusa ninka abin da muka san mun ɗauko, kuma Alhaji ya ce ba don darajar mahaifinsa ba da ya rufe mana ƙofa.

Daga ranar gidan ya canza. Da farko duk muka haɗu a kan gidan Alhaji: tsohuwa kurma a ɗaki mai duhu, wa ya san tukunyar da take jefawa? Isiyaku ya je ya faɗi haka cikin ladabi, aka ce masa tukwanen sauran gidaje duk sun yi daidai, me ya sa sai tamu. Sai ido ya koma kan Bukari. Ni kaina na zarge shi, kuma ba na jin na yi laifi, don mutumin da ba ya aikin komai amma ba ya rasa sigari dole a tambayi inda yake samu. Ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani a tsakar gida, sannan ya ɗauko rediyonsa ya nuna mana cikinsa fayau, ashe ya daɗe yana cire kayan ciki yana sayarwa. Da ya wanke kansa bai tsaya nan ba, ya tuna wa kowa cewa wani direban lori ɗan Salaga ya biyo kwanakin baya, kuma an gan ni na miƙa masa ƙunshi.

Gaskiya ne na miƙa. Kayan Fati ne da suka yi mata kaɗan, na aika wa yayata mai ciki, da ɗan garin kuka na mahaifiyata. Na faɗa, na sake faɗa, har na gaji da jin muryata. Ba wanda ya ce ƙarya nake yi, kuma wannan ya fi ciwo, don da an faɗa da na san da wa zan yi faɗa. Mma ta karɓi makullin ɗakin ajiya ta ɗaura a bakin zane, ta koma auna mini garin tuwo da hannunta. Isiyaku in na dawo daga gidan Alhaji sai ya ɗaga murfin kwano, wai yana duba ko akwai ƙwari. A kwari wurin ɗiban ruwa, da na iso hira take mutuwa. Wata da nake yi wa kitso kyauta ta jawo bokitinta kusa da ƙafarta da ta gan ni, sai ka ce ruwan ma zan aika Salaga.

Wata safiya Mma ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, in an yi Salla ya kamata in je in ga mahaifiyata, in huta a can sai abubuwa sun daidaita. Duk macen da ta yi aure ta san wannan hutun. In na hau lorin nan da sunan ɓarauniya, ba a Bawku kaɗai zai tsaya ba, kafin in sauka ya riga ni isa Salaga.

Sai na zama mai gadi a gidan da ake gadina. Ina daka ina kallon ƙofar Mma, don har ita na saka a lissafi, ko tana taimakon wasu dangi a ɓoye. Na lura da lokacin da Isiyaku ke fita da wanda yake dawowa, na shinshina rigarsa, na lalube aljihunsa. Bukari ko bayi ya shiga sai na duba ko kwanon na nan. Na ƙulla zare a hannun murfin don in gane in an taɓa. Yunwa da zargi in suka haɗu a ciki ɗaya, mutum ba ya ganin kowa da kyau. Abin haushi, duk wannan bincike ban taɓa kawo tsohuwar bayan katanga a raina ba, ni da ke miƙa mata kwanon da hannuna kowace magariba.

Ranar da na gane, ba wayona ba ne. Gari ne ya ƙare, Mma ta ce in je in karɓo kwanon da wuri in wuce gidan Alhaji kafin rana ta yi zafi. An ɗan yi yayyafi da asuba, ƙasa na ƙamshi, tururuwa sun fito. Na tarar da jikokin Kaka Lariba su kaɗai, suka ce ta fita. Na bi lungu ina cewa ko ta je gaisuwa, ina karya kwana sai ga ta durƙushe a bayan gidan Alhaji. Ta ƙwanƙwasa, ta kai bakinta jikin ƙofa ta ce a hankali, "Ni ne Lariba, matan marigayi Salifu." Ta tura kwanonmu. Na ji ƙarar dawa tana zuba, na ji tsakuwa ta faɗa tukunya.

 Na taho da maganganu cike da baki, irin waɗanda in na fara sai unguwa ta taru. Ta juyo ta gan ni, kuma maimakon ta firgita sai fuskarta ta washe. Ta kama hannuna ta ja ni gefe kamar mai shirin ba ni albishir. Ta ce tun farkon yunwa ta zo nan da ƙwaryarta, ta faɗi sunanta, aka turo mata ita yadda ta tura, ta koma gida ta yi kuka. Sai ran nan kunyar mayar mana da kwano ba komai ta ishe ta, ta ce bari ta sake gwadawa ko tafi ɗaya a ba ta. Aka cika shi fal. Ta ce nan ta san Alhaji ya tuna mijinta, don tare suka yi fataucin shanu suna samari. Tun daga ranar ba a taɓa hana ta ba, da shi take ciyar da jikoki, ta ɗan rage mana a ciki. Ɗanta na dawowa za ta biya har ƙwayar ƙarshe.

"Duk unguwan nan," in ji ta, "mace nawa ne za shi faɗi sunanshi kawai a ba shi hatsi?"

Ta buɗe murfin ta damƙo dawa ta ƙulla mini a bakin mayafi, wai in yi wa Fati kunu. Dawar da za a kore ni a kanta ce take ba ni kyauta. Na dubi wuyanta da ya zama kamar igiya, da yadda ta miƙe tsaye tana gyara ɗankwali, na fasa faɗa mata gaskiya. Na ce mata na gode, na karɓi kwanon bayan ta juye.

Amma a gida ban yi shiru ba. Na sami Mma tana tsince kuka, na zayyana mata komai tun daga ƙwanƙwasa ƙofa har ƙunshin da ke mayafina, na kwance na zube a gabanta. Na ce yanzu sai a tara waɗanda aka tara a kaina, a faɗa musu. Ina so matan kwari su ji, ina so Bukari ya dubi idona.

Mma ta daɗe tana kallon dawar. Ni ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar, shi ma ɗigo ne ta share da bayan hannu. Ta ce Kaka Lariba ce ta karɓe ta ranar da aka kawo ta unguwar nan amarya, ita ta yanke wa Isiyaku da Bukari cibiya, ita ta wanke mata 'ya'yan da ta binne. Ta ce na yi gaskiya, an zalunce ni, ita ce kan gaba, kuma za ta faɗa wa ɗanta yau ɗin nan. Zancen Salaga ya mutu. Sannan ta ce amma daga mu uku maganar ba za ta wuce ba.

Na ce, "To ni fa, Mma? Sunana fa?"

Ta ce, "Ke yarinya ne, kina da shekaru a gaba da za ki gyara naki. Shi wannan tsohuwa, sunan nan kaɗai ya rage mishi. In ya ji a bakin mutane cewa hatsin maƙwabta yake ci, kuma ke aka zaga a kanshi, ba zai kai Salla ba. Roƙonki nake yi, ba umarni ba ne."

Da umarni ne da na ƙi, na san halina. Roƙon ne ya ɗaure ni. Na shiga ɗaki na yi kukan baƙin ciki, ba na tausayi ba, don a lokacin haushinsu duka nake ji, har da Kakar.

Ba a ma iya canza kwanon ba, domin in aka kai mata tuwo a wani, za ta tura shi ƙarƙashin ƙofa a dawo mata da shi wayam, ta gane. Haka muka ci gaba da kai mata mai kifin kowace magariba, muna sane, bashi na hawa. Isiyaku ya je ya ce wa Alhaji tsakuwa daidai take, kuskuren daga gidanmu ne, ya jinginar da kekensa. A daren bai iya kallona ba, ya dai ajiye mini makullin ɗakin ajiya a kan tabarma. Unguwa kuwa ta fassara abin yadda ta ga dama: an kama 'yar Salaga, mijinta ya biya, surukarta mai haƙuri ta yafe mata. Mata suka riƙa yaba wa Mma a gabana. Ban san abin da ya kai a yafe maka laifin da ba ka yi ba ɗaci.

Ruwa ya zauna bayan Salla. Shuka ta biyu ta kama, nara ta fitar da kai, muka riƙa murza ɗanyen gero a tafin hannu muna ci tun a gona, yara na komawa gida da baki fari. Ba a gama biyan Alhaji ba sai da albasa ta zagayo har sau biyu. Ɗan Kaka Lariba bai dawo ba.

Kaka Lariba ce ta ƙarshen jin gulmar, don ba ta zuwa kwari. Da girbin shekarar yunwar, wata rana da la'asar ina sussukar sabon gero sai ga ta da sandarta. Ta kori jikokinta da suka biyo ta, ta leƙa ta tabbatar Mma na salla, ta zauna a kan turmin da ke kife ta ce in matso. Ta ce ta ji abin da ake faɗa, ba ta zo don ta zage ni ba, yunwar bana ta sa manya ma sun yi abin kunya, kuma kowa na son uwarsa. Ta riƙe hannuna da nata biyu, ta rage murya.

"Amma ɗiyana, kar ki sake taɓa na gidan miji. In yunwa ya sake kama mutanenku a Salaga, ki zo wurina a ɓoye, ba wanda zai ji. Ni har yanzu ana ba ni bashi da sunana."

Na ji Mma ta sallame salla a ɗaki, ta yi tsit, ko motsin carbi babu. Na san tana saurare.

Na ce, "To, Kaka. In sha Allahu wurinki zan zo."